Kujerar Goggo A'i

Abin da ya hana Baffanku Haliru tafiya babban karatu, kowa a gidan nan yana da nasa bayanin, kuma duk wanda ya fara sai ya ƙare a kaina. Wasu su ce siyasa ce, alhali Haliru ko ƙofar ofishin jam'iyya bai sani ba. Wasu su ce boko ne ya juya masa kai har ya yi wa mahaifinmu musu a gaban jama'a. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, Allah ya yafe wa wanda ya ƙaga ta, ni dai har yanzu ina shawara. Mafi yawa kuwa cewa suke yi Ummaru ne da turminsa. To, ni ne Ummarun, turmin ma na gidanmu ne, ban yi musu ba. Amma tun da duk waɗanda suka ga abin da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, saura ni, sai ku yi haƙuri ku ji shi daga bakin wanda ya fi kowa ƙarancin karatu a wurin.

Mahaifinmu, wanda mu da mutanen gari duk Malam muke ce masa, yana da zauren karatu a Tambuwal, manyan mutane masu gemu ke ɗaukar littafi a gabansa. A zauren nan ba a cewa a'a. Idan ɗalibi ya ga kamar Malam ya yi tuntuɓen harshe, sai ya jira kowa ya watse, ya matso da gwiwa, ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ne ban gane ba." Haka muka taso muka gani. Ni ne babban ɗa, ni ne kuma babbar asara. An yi bulala, an yi rubutun sha, an yi addu'a, kaina ya ƙi, har Malam ya gaji ya bar ni na kafa rumfa a kasuwa ina gyaran fitila da tocila da keke. Bokon da nake rubuta muku wannan da shi, a ajin yaƙi da jahilci na tsinto shi ina da mata da ɗiya, kuma malamin ajin ya rantse bai taɓa ganin wanda jahilci ya riƙe da hannu biyu kamata ba. Haliru kuwa auta ne. Shi aka bayar lokacin da aka matsa wa gidajen malamai su ba da yaro makarantar boko, ya tafi yana kuka, ya dawo malamin makaranta, ga Larabci ga Turanci. Sai kuma Goggo A'i, yayar Malam. Mijinta ya rasu ta dawo gida, tana karantar da matan unguwa a tsakar gida. Ita ta koya wa Malam baƙaƙen farko yana yaro, lokacin da kakanmu ya yi doguwar tafiya, kuma ita kaɗai ce a duniya ke kiransa da sunansa, Abdu, da irin muryar da ake aiken yaro ɗebo ruwa.

Shekarar da aka samu mulkin kai, labari ya zo cewa gwamnatin Jihar Arewa na neman malaman makaranta matasa masu kan lissafi, a tura su ƙarin karatun kimiyya a Zariya, wanda ya yi ƙoƙari kuma har ƙasar Turai. Kowa ya san a yankinmu babu kamar Haliru. Malam ya yi ta jinkiri, Goggo ta yi ta shiga tana fita har ya ce ya amince. Abu ɗaya ya rage, sai mai zagayen duba makarantu ya miƙa sunansa sama. Bizitin muke ce wa mai wannan aiki, namu kuwa sunansa Malam Sambo, mutum ne mai sa kwat a tsakiyar bazara, yana da babur da ake jin ƙararsa tun daga hanyar Dogon Daji. Ni ke gyara masa fitilar babur ɗin, saboda haka na san halinsa. In ka gaishe shi a tsaye sai ya tambayi sunan ubanka. Amma ya riga ya ce wa Haliru da bakinsa, "Naka ya ƙare, sai shiri." Har an kai wa tela ɗinkin wandunan tafiya.

To, akwai wani hoto da Haliru ya liƙa a bangon ɗakinsa, wanda wani malaminsu na kwaleji ya yanko masa daga mujalla. Turawa ne jere sahu-sahu a ƙofar wani gini, na gaba a kan kujeru, na baya a tsaye, kowa ya ɗaure wuya ya tsuke fuska kamar an zo gaisuwar mutuwa. A tsakiya wani ne mai gashi buzu-buzu, kusa da shi tsoho mai farin gemu, gefen tsohon kuma mace, ita kaɗai tak a cikin maza. Ranar da na fara ganinsa na ce,

"Haliru, waɗanga Razdanonin gwamnati na, ko ɓarayin da anka kama?"

"Yaya, malamai na. Duniya duka babu wanda yaf fi su sanin haske da ƙwayar zarra."

Ya ce wajen shekara talatin da suka wuce aka ɗauke shi. Wani attajiri ne ya ɗauki nauyin tara su a wani birni na Turai, a ba su masauki da abinci, ba don komai ba sai don su yi gardama. Gardamar kuwa a kan abin da ni nake cin abinci da shi kullum ban san shi ba, wato haske. Wasu sun ce tafiya yake yi kamar igiyar ruwa in ka jefa dutse a tafki, wasu sun ce tsaba-tsaba yake zuwa kamar an watsa gero, daga baya aka gano wai duka biyun ne. Na ce ashe shi ya sa tocilan da nake gyarawa yau su kama gobe su ƙi, kuma ni ake zagi. Sai dai abin da ya tsaya wa Haliru a rai zaman ne, fiye da hasken. Ya nuna mini wasu a sahun baya, samari ko gemu babu, ya ce irin waɗannan ne suka zo da maganar cewa ƙananan abubuwan nan ba wanda zai san inda suke da gudun da suke yi a lokaci guda, sai dai a yi kirdado. Mai gashin nan na tsakiya, wanda duniya ke jin sunansa, ya ce sam bai yarda ba. Kullum da safe wajen karin kumallo sai ya kawo musu wata matsala da yake ganin za ta kayar da su, su yini suna juya ta, kafin abincin yamma sun kawo masa amsa, gobe ya sake ɓullo da wata. Kuma a tashi a fita shan iska tare.

"Ba wanda yac ce an raina shi?"

"Babu."

"Ba wanda anka kai gaban alƙali?"

"Yaya, hoto sunka ɗauka."

Da tafiyarsa ta matso, sai ya ce yana son ya yi irin wannan zama sau ɗaya a ƙofar gidanmu, ya zama bankwana. Ya je ya durƙusa ya roƙi Malam. Ni na laɓe ina jiran in ji saukar carbi a ƙeyarsa, sai na ji Malam na cewa tun da maganar zarra ce, kalmar da ke cikin Littafin Allah, yana so ya ji abin da Nasara suka tono a kanta. Aka sa ranar Alhamis bayan azahar, don ba a karatu a zaure ranar. Aka gayyaci hedimastan su Haliru da na'ibin liman da malamin asibiti da manyan ɗaliban Malam. Bizitin ma an aika masa, ku riƙe wannan, an aika masa, ya ce yana zagaye wajen Kebbe ba zai samu zuwa ba. Ni aka ɗora wa ɗauko kujerun ofishin hedimasta a ka. Haliru kuma ya yi magana da wani Bayarabe mai hoto da ke zuwa daga Jega. Malam ba mai son hoto ba ne, amma ya ce tun da yaro zai yi nisa, ya tafi da fuskokinmu.

Haliru ya fito da tasa cike da ruwa da gero a tafin hannu. Ya jefa tsakuwa a ruwan, ya watsa geron, kaji suka taru, ni aka sa korar kaji. Ya yi bayani tiryan-tiryan, ya faɗi abin da samarin suka ce, ya faɗi abin da mai gashi ya ce, bai ɗauki gefen kowa ba, ya koma ya zauna a ƙasa kusa da takalman Malam. Wannan ne duk musun da ake cewa ya yi wa ubansa. Malam ya shafa gemu ya ce,

"Samarin ga sun yi gaskiya. Bawa ba shi sanin komi. In ya kama wanga, wancan ya kuɓuce mai. Iyaka ta anka yi mai, su kuma sun kai ga iyakar sun shaida."

Kowa ya ce haka ne, haka ne, har da ni da ban san kan zancen ba. Sai muka ji murya daga bayan ƙyauren zaure.

"Abdu, ba haka na ba."

Wallahi har kajin sai da suka yi shiru. Ɗalibai suka dinga kallon ƙasa kamar sun yar da allura. Goggo ce, ashe tun farko tana zaune a bayan ƙyaure tana ji.

"Rashin saninka daban, rashin tsari daban. Don kai ba ka san inda ƙwaya tan nufa ba, sai ka ce ita ma ba a nufe ta da ko'ina ba? Wanga mai gashi, ko da ba shi taje kai, shi ad da hankali cikinsu."

"Yaya, ban ce babu tsari ba."

"Ka kama hanyar faɗi."

"Cewa niy yi ɗan Adam ba shi ganin tsarin."

"To su yaran ga haka sunka ce, ko kai kaka yi musu ado? Haliru, faɗa mai abin da sunka ce."

Haliru ya yi ta in'ina. Malam kuwa sai ya tuntsire da dariya, irin wadda ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar. Ya ce, "Ummaru, ba yayata kujera. Ba a gardama da murya bayan ƙyaure." Na ɗauko kujera na ajiye a damansa, Goggo ta fito ta ja mayafi ta zauna. Daga nan fa abin ya kankama. Ta kawo hujja ya kawo hujja, ta jawo littafi da ka ya jawo wani. Hedimasta ya yi ƙarfin hali ya sa baki, ya bi bayan Goggo. Malamin asibiti ya ce shi ma in ya sa wa yaro ma'aunin zafi a baki sai yaron ya firgita jikinsa ya ƙara zafi, to wane zafin ya auna? Wani ɗalibi da ya yi shekaru a zauren bai taɓa ɗaga kai ba ya ce, "A'a, Malam," sannan ya ji abin da ya faɗa ya toshe bakinsa da hannu, Malam ya ce masa ƙarasa mana. Ni ma na tambaya ko Turawan sun gano yadda fitila za ta rage shan kananzir, ba wanda ya kula ni. Na dubi Haliru a ƙasa, fuskarsa kamar ta ango. A rayuwata ban ƙara ganin zama mai daɗin wannan ba, kuma shi ya sa abin da ya biyo baya ke ci mini rai har gobe.

La'asar ta gabato, mai hoto ya kafa akwatinsa mai ƙafafu, ya ce a yi sauri rana za ta faɗa bayan katanga. Aka jera kujeru, Malam a tsakiya, na'ibi a hagunsa, hedimasta a can gefe, sauranmu a tsaye a baya. Goggo ta yunƙura za ta shige gida.

"Ni tsohuwa mi nika yi da hoto?"

"Goggo," in ji Haliru, "a nasu ma akwai tsohuwa, kuma gaba tat zauna."

"To ita wa tak kayar?"

Ta koma ta zauna a daman Malam. Mai hoto ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, sai ga ƙarar babur. Bizitin ne, ya gama zagaye da wuri. Ya sauka ya gaisa da Malam, ya ga akwatin hoto, ya kakkaɓe kwat, ya nufi sahun gaba ya tsaya yana duban kujeru. Hedimasta ya zabura zai ba shi tasa, ya ɗaga masa hannu, wai ta gefe ce. Kujerar daman Malam yake kallo. Ya juya ya ce wa Haliru,

"Malam Haliru, a shigar da tsohuwa ciki. Hoton manya za a yi."

Ku ji fa. Matar da ta girmi uwarsa, a ƙofar gidan ubanta, a kan kujerar da mai gida ya ba ta da bakinsa. Malam bai ji ba, na'ibi na yi masa magana a kunne. Goggo ta ji sarai, ta yi kamar ba ta ji ba. Haliru ya ce,

"Ranka ya daɗe, Goggona ta. Kuma tana cikin masu gardama."

Ni da na ga abin zai lalace sai na ruga cikin gida neman abin zama. Kujerun mata gajeru ne, in ya zauna a kai sai dai hularsa ta fito a hoto. Abin da na samu mai tsayin kujera shi ne turmi. Na mirgino shi, na kife shi tsakanin Malam da na'ibi, a tsakiyar sahu ba a gefe ba, na shimfiɗa dardumar sallata a kai, na ce bisimilla, ranka ya daɗe. Ku gaya mini tsakaninku da Allah, wanda ya shimfiɗa wa mutum dardumar da yake sa goshinsa, raini ya yi? Ni na sa Goggo ta yi dariya cikin mayafi? Ni na sa ɗalibai suka kama tari? Bizitin ya tsaya yana duban turmin kamar zai cije shi. Mai hoto kuwa, kansa na cikin ƙyalle, bai san wane ne wane ba, ya daka tsawa,

"Kai mai kwat, koma baya, ka tare Baba!"

Kafin Bizitin ya yi tunani ƙafarsa ta kai shi baya, kafaɗa da kafaɗa da ni, mai gyaran fitilarsa. Aka ɗauki hoto. Ko sallar la'asar bai tsaya ya yi da mu ba.

Kwanaki suka yi ta wucewa, sunan Haliru bai tafi ba. Wandunan sun dawo daga tela, uwarmu ta soya masa nama ta daka masa yaji, shiru. Hedimasta ya je wurin Bizitin ya ji ba'asi, ya dawo da saƙo. Wai mai hoto ya liƙa hoton a allon tallarsa a kasuwar Jega, wai mutane na nunawa suna cewa ga wakilin hukuma a tsaye ga mace a zaune. Saboda haka sai an sake ɗaukar wani, shi a daman Malam, babu mace, sannan suna ya tafi. Ku lura, turmi ko ambatonsa bai yi ba. Masu cewa Ummaru ne, ku tambaye su, in turmi ne ya ɓata masa rai me ya sa bai ce a sake hoto babu turmi ba? Kujerar Goggo yake so tun daga farko. Karatun yaro, da abin da zai dawo ya koya wa yaran ƙasar nan, duk ya ɗora su a kan inda zai ajiye mazaunansa.

Muka shiga wurin Goggo, ni da Haliru, muna ta kewaye-kewaye. Ta katse mu.

"Don wanga kunka zo kuna murza hannu? Kujerar ma ciwon baya tas sa min. Ku kira mai hoto. Kai Haliru tafi karatunka, in ka dawo ka gaya min wa yay yi gaskiya tsakanina da Abdu, ko da yake na sani."

Hedimasta ya ba da shawara kada a ɗaga wa Malam hankali da dogon bayani, a ce masa kawai za a sake hoto don Bizitin ya samu shiga. Mutum ne mai gudun fitina, irin waɗanda gudun nasu ke kawo ta. Muka bi shawararsa. Ranar ta zo, na sake ɗauko kujeru a ka, mai hoto ya sake kafa akwati. Bizitin ya riga kowa zuwa, ya sa sabon kwat, ya zauna a kujerar dama ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Malam ya fito daga zaure da carbinsa, ya dubi kujerar, ya dubi mai zaune a kai.

"Ina Yaya?"

"Tana ciki, Malam."

"A kira ta."

Ba wanda ya motsa. Hedimasta ya matso ya yi masa raɗa, ya daɗe yana raɗar. Malam ya saurara har ya gama, bai zauna ba. Bai ɗaga murya ba kuma, shi ba ya ɗaga murya.

"Wadda tak koya min alif tana ciki an ɓoye ta, ni kuma in zauna waje bisa kujera a ɗauke ni cikin masu ilmi? Ban iyawa."

"Malam," in ji Bizitin, "ka san abin da ke hannuna."

"Na sani."

Sai muryar Goggo daga bayan ƙyaure, wannan karon da ƙarfi har maƙwabta suka ji.

"Abdu, zauna! Ni nac ce ka zauna! Kujera ta, ba Aljanna ba!"

"Yaya, yau kam ban bin ki."

Sannan ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani ɗansa ko ɗalibinsa ba. Ya juya ya dubi Haliru a gaban kowa ya ce,

"Karatunka na. Kana da magana?"

Na san Malam. Ba gatse yake yi ba, tambaya ce ta gaskiya. Da Haliru ya ce, Malam don Allah ka zauna, na rantse da ya zauna, ko da zai yi wata bai yi wa kowa magana ba. Na dinga zungurar Haliru da gwiwar hannu har sai da ya matsa. Ya dubi kujerar, ya dubi ƙyauren zaure, ya dubi ƙasa.

"Babu, Malam."

"Ni ina da magana!" na ce.

"Kai ba a tambaye ka ba."

Malam ya faɗi haka ya shige zaure. Bizitin ya zauna shi kaɗai a sahun gaba na ɗan lokaci, mai hoto ya leƙo daga ƙyalle ya tambaya ko a ɗauka haka. Ya tashi ya hau babur.

Kada ku zaci Bizitin kaɗai nake jin haushi. Shi dai nasa a fili yake, ƙaramin mutum ne aka ba babban aiki. Amma Malam fa, Allah ya jiƙansa ya kai haske kabarinsa, girman yayarsa ya kare, kuma ya kyauta, sai dai ba da nasa ya biya ba. Mai kujerar da kanta ta ce ta yafe. Goggo ta yi mako ba ta amsa gaisuwarsa, in ya aika mata da tuwo ta mayar. Uwarmu ta raba naman tafiyar ga yaran unguwa tana share ido da gefen zane. Ni kuma na ƙi gyara fitilar babur ɗin nan har abada, wanda shi ne iyakar ƙarfina, kuma na ji an ce wani a Jega ya gyara masa a rana ɗaya.

Kafin damina ta sauka aka miƙa sunan wani, Haliru kuma aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Fakku a ƙasar Kebbe, wata sabuwar makaranta da ba ta wuce rumfar kara ba. Ni na raka shi. Muka ɗaure akwatinsa da tabarma da tukunya a kan kekuna, inda hanya ta yi ƙarfi mu hau, inda ta zama yashi mu tura. Da rana ta take muka tsaya gindin wata tsamiya, ya kwance goran ruwa ya miƙo mini. Nan abin da ke cikina ya fito.

"Kai da Turawanka masu musu! Ka cika muna kunne, yaro shi ce ma babba a'a, a tashi a sha iska tare. Ga ranar a'a ta zo, har tambayarka anka yi, kac ce babu. Mi ag amfanin karatun?"

Ya dube ni ya ce,

"Yaya, su da malamansu sunka yi musu, kuma bisa haske. Babu wanda ubanai ke tsaye gabanai yana kare yayatai. In nac ce ya zauna, ni nit tada Goggo da bakina, abin da nik ƙi yi ranar farko."

"Ita ta yarda!"

"Ta yarda don ni. Shi ya ƙi don ita. Ni kaɗai za ni ce don kaina?"

Na ce masa wannan ba amsa ba ce. Ya ce ya sani. Muka tashi muka ci gaba da turin kekuna cikin yashi, wandon tafiya Turai a jikinsa, ya naɗe ƙafafun don ƙaya.

A ƙasar Kebbe ya yi aikinsa, daga wannan ƙauye zuwa wancan, har ya ajiye. Zariya kuwa bai taɓa ganinta ba sai shekarar da muka kai shi asibiti a kwance.